Yadda Na Bi Diddigin Adireshin Intanet na Gidanmu da Ya Ƙi Zama Wuri Ɗaya

Yayana yana sayar da takin zamani da irin shuka da maganin feshi, kuma sitonsa a jikin gidanmu yake a unguwar Arkilla, nan cikin Sakkwato. Da kaya suka yawaita, tafiye-tafiyensa zuwa Illela da Goronyo da Wurno suka ƙaru, sai ya sa aka kafa kyamarori a ƙofar sito da cikinsa domin ya riƙa duba su ta waya duk inda yake. Ni aka ɗora wa kula da lamarin, saboda ni ke riƙe da lissafin shagon a kwamfuta. Intanet ɗinmu a lokacin daga wani ƙaramin kamfani yake, irin masu kafa dogon ƙarfe bisa rufin gida su ɗora faranti, sannan su jawo waya zuwa rauta a ɗaki, wato na'urar da ke raba intanet ga wayoyi da kwamfutocin gida. Mai haɗa kyamarorin ya gama aikinsa, ya rubuta mana lambobi kashi huɗu da ɗigo a tsakaninsu a bayan takardar rasit, ya ce wannan ne adireshin IP na gidan, wato lambar da ake gane gidan da ita a intanet, a sa shi a manhajar waya tare da kalmar sirri. Aka gwada a gabansa da datar waya, hoto ya fito tas.

Ba a jima ba Yaya ya kira ni daga Illela ya ce manhajar sai juyawa take yi, ba ta nuna komai. Na shiga sito na tarar kyamarori suna aiki, na'urar naɗar hoto tana naɗa, intanet kuma lafiya lau. Sai na buɗe ɗaya daga cikin shafukan nan da ke nuna wa mutum adireshin da duniya ke ganinsa da shi, na kwatanta da na bayan rasit. Kashi biyu na farko suna nan yadda suke, biyun ƙarshe sun sauya. Na karanta masa sabon ta waya, ya sa, hoto ya dawo, amma bayan 'yan kwanaki abin ya sake faruwa. Da ya dawo gida ya tare ni da tambaya: "To wai mi yas sa wagga lamba ba ta zama wuri guda? Ba muna biyan kuɗinsu duk wata ba?" Na ce masa, "Yaya, ka ba ni lokaci in bi abin daga tushe, domin idan muka dogara da karanta lamba ta waya, wata rana za ta sauya da tsakar dare alhali ba wanda ya sani."

Abin da ya wajaba a fara rarrabewa shi ne cewa adireshi iri biyu ne a duk gidan da ke da rauta. Wanda mutum ke gani a saitin wayarsa idan tana kan Wi-Fi, mai farawa da 192.168, na cikin gida ne, rautar ce ke raba shi ga wayoyi da kwamfutoci, kuma ba ya fita waje. Tun shekarar 1996 aka tabbatar da rukuni uku na irin wannan amfani, wato masu farawa da 10, da masu farawa da 172.16 har zuwa 172.31, da masu farawa da 192.168, kuma kowane gida a duniya yana iya maimaita su ba tare da karo da na maƙwabci ba. Na waje kuwa guda ɗaya ne ga gidan baki ɗaya, daga kamfani yake zuwa, shi ne kuma wanda aka rubuta mana a bayan rasit. Dukansu biyu suna iya sauyawa. Na cikin gida na fara magancewa saboda yana hannuna: na shiga shafin saitin rauta ta burauza, na nemo na'urar naɗar hoto a jerin abubuwan da ke haɗe, na ɗaure lambarta ta MAC, wadda take zuwa da ita daga masana'anta, da adireshi guda da ba za a ba wata na'ura ba.

Na wajen shi ne mai wuyar sha'ani, don haka na ware littafi na riƙa rubuta adireshin safe da yamma, a gefensa kuma in rubuta ko an ɗauke wuta da kuma tsawon lokacin da ta ɗauka kafin ta dawo. Lokacin bazara ne, zafin Afrilu ya haura digiri 40, rautar takan yi zafi har ta sake kunna kanta da rana tsaka, kuma Yaya ya fi zargin wannan. Littafin bai goyi bayan zargin ba. Duk sanda rautar ta mutu ta farfaɗo cikin mintoci, adireshin da ta tafi da shi take dawowa da shi. Haka nan idan wuta ta ɗan gilma ta dawo. Amma idan aka ɗauke ta tun hantsi ba ta dawo ba sai bayan magariba, kusan kullum sabon adireshi ake samu. Akwai kuma 'yan lokutan da ya sauya cikin dare alhali wuta ba ta motsa ba.

Bayanin wannan yana cikin shafin rautar, a wani layi da ban taɓa mai da hankali a kansa ba, inda aka rubuta DHCP da wa'adin awa huɗu. Ma'anarsa ita ce kamfanin ba ya mallaka wa gida adireshi, aro yake bayarwa na ƙayyadadden lokaci. A tsarin DHCP, idan rabin wa'adin ya wuce, na'ura takan nemi a sabunta mata aron, kuma muddin tana kunne ana sabuntawa, adireshin na iya daɗewa a hannunta har mutum ya ɗauka nasa ne. Idan kuwa tana kashe har wa'adin ya cika, adireshin ya koma rumbun kamfani, duk wanda ya kunna tasa rautar a lokacin ana iya ba shi. Da na auna wannan da littafina sai lissafin ya fito daidai: ɗaukewar wuta da ba ta kai awa biyu ba ba ta taɓa komai, wadda ta haura awa huɗu tana sakin adireshin, abin da ke tsakani kuma ya danganta da lokacin da aka yi sabuntawar ƙarshe. Wasu kamfanonin ba DHCP suke amfani da shi ba, PPPoE suke yi, inda rauta ke shiga da suna da kalmar sirri, kuma a can kowace sabuwar shiga tana iya zuwa da sabon adireshi ko da minti ɗaya aka yi a kashe.

Na je ofishin kamfanin na sami injiniyansu, wanda ya saurare ni da kyau ya kuma tabbatar da abin da na fahimta. Game da sauyin cikin dare ya ce wani lokaci sukan sake kunna manyan na'urorinsu ko su sake tsara rabon adireshi a sa'ar da mutane ke barci. Sannan ya ce, "Malam, in kana son tsayayye akwai shi, amma na 'yan kasuwa ne, kuɗinsa daban duk wata, domin mu ma adireshin ba su ishe mu ba."

Wannan magana ta ƙarshe ita ce asalin lamarin, kuma gaskiya ya faɗa. Tsarin adireshin da ake kira IPv4 an tsara shi ne a 1981, kowane kashi daga cikin huɗun yana tsakanin 0 da 255, jimillarsu kusan biliyan 4.3, wani ɓangare kuma an keɓe shi ga wasu ayyuka. A wancan zamani na jami'o'i da cibiyoyin bincike adadin ya yi kama da abin da ba zai ƙare ba, har aka riƙa ba kamfani guda babban rukuni mai adireshi sama da miliyan 16, kamar yadda Apple ya sami duk masu farawa da 17, Ford kuma masu farawa da 19. Yau al'ummar duniya ta haura biliyan 8, mutum guda kuma yana iya riƙe waya biyu da kwamfuta. Ranar 3 ga Fabrairu, 2011, hukumar IANA mai kula da rabon adireshin intanet a duniya ta raba manyan rukunai biyar na ƙarshe ga hukumomin yankuna biyar na duniya, rumbunta ya zama wayam. Hukumar da ke rabo a Afirka, AFRINIC mai hedikwata a tsibirin Morishus, sai a 2005 ta sami cikakkiyar amincewa, wayar salula ta GSM kuwa sai a 2001 ta shigo Nijeriya. Wato mun iso ne bayan an kwashe mafi yawa, ga shi kuma layukan da ke hawa intanet a ƙasar nan sun haura miliyan 100. Ban ga laifin kamfanin da ke juya 'yan adireshin da yake da su a tsakanin abokan cinikinsa ba. Abin da nake ganin bai dace ba shi ne a sayar wa mutum intanet ba tare da an gaya masa irin adireshin da za a ba shi ba, alhali an san mutane da yawa don kyamara suke jawowa.

Yaya bai so ƙarin kuɗin wata-wata ba, don haka na bi hanyar da ake kira DDNS. A nan mutum yana yin rajistar suna ne a wani kamfani da ke wannan hidima, irin su No-IP ko DuckDNS, sai ya sa bayanan a rautarsa ko a na'urar naɗar hoto. Duk lokacin da adireshi ya sauya, na'urar da kanta take sanar da kamfanin, su kuma su mai da sunan kan sabuwar lambar. A manhajar Yaya na goge lamba na sa suna, daga ranar kuma ya daina kirana. Jinkirin da ake samu bai wuce na 'yan mintoci bayan sauyi ba, sai kuma ƙa'idar No-IP ta cewa mai amfani da sunan kyauta ya riƙa tabbatar da shi duk kwana 30.

A nan ne wani abu ya tayar mini da hankali fiye da sauyin adireshin kansa. Domin a ga kyamara daga waje, mai haɗawa ya buɗe wata ƙofa a rauta, wato ya umarce ta da duk wanda ya zo daga intanet da wata lamba a miƙa shi kai tsaye ga na'urar naɗar hoto. Da na duba rajistar na'urar sai na ga jerin yunƙurin shiga daga adireshin da ban sani ba, dare da rana, ana gwada suna da kalmar sirri ɗaya bayan ɗaya. Ba wani ne ya nufe mu musamman ba. Akwai kwamfutocin da aikinsu kawai shi ne zagaye dukkan adireshin IPv4 suna neman buɗaɗɗiyar ƙofa, kuma a 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci a duniya ta hanyar gwada kalmomin sirrin da suka zo da su daga masana'anta. A gidan Bahaushe wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ɗaya daga cikin kyamarorinmu tana kama gefen hanyar da mata ke bi su shiga cikin gida, kuma tunanin cewa wani baƙo a wata ƙasa zai iya zama yana kallon shige da ficen iyalinmu ya sa a ranar na karkatar da ita ta fuskanci ƙofar sito kaɗai, na sauya kalmar sirri zuwa doguwa, na kashe duk wani asusu da ba mu amfani da shi. Duk mai kyamara a gida ina roƙonsa ya duba wannan kafin ya damu da komai.

Da iskar farkon damina ta lanƙwasa ƙarfen da ke bisa rufi, muka sayi rauta mai ɗaukar layin waya domin mu riƙa amfani da ita kafin a gyara, daga baya kuma muka zauna a kanta saboda ta fi mana sauƙi. Na sake saita komai kamar da: na ɗaure adireshin cikin gida, na buɗe ƙofa, na sa DDNS. Sunan yana bin sabon adireshi daidai, amma hoto ya ƙi zuwa ko sau ɗaya. Sai na shiga shafin sabuwar rautar ta 192.168.8.1, na duba adireshin da ta ce kamfani ya ba ta, na ga yana farawa da 100 da wata lamba sama da 64, alhali shafin da ke nuna adireshin waje yana nuna wata lamba daban ƙwarai. A tsohon layinmu waɗannan biyun iri ɗaya suke. Wannan bambanci shi ne alamar abin da ake kira CGNAT, kuma tun 2012 aka keɓe rukunin da ya fara daga 100.64 zuwa 100.127 domin kamfanonin sadarwa su yi wannan aiki da shi, ko da yake wasu suna amfani da masu farawa da 10.

Yadda na bayyana wa Yaya shi ne da misalin zaure. Gida mai sassa da yawa zaurensa ɗaya ne, kuma idan aka aiki yaro daga wani sashe ya dawo da saƙo, mai zaman zaure ya san inda zai nufa, domin a gabansa ya fita. Baƙon da ya zo daga waje kuwa ba a san sashen da za a kai shi ba sai maigida ya bar umarni, buɗe ƙofa a rauta kuma shi ne wannan umarni. A layin waya, bayan zaurenmu akwai wani babban zaure na kamfani wanda gidaje masu yawan gaske ke bi ta cikinsa da adireshi guda, kuma a can ba mu da ikon barin umarni. Baƙonmu yana isa can ne ya tsaya. Shi ya sa DDNS ba shi da amfani a irin wannan layi, komai daidaiton saitinsa.

Adireshin waje a wannan layi ya fi na da saurin sauyawa. Duk sake kunnuwar rauta, har da wadda zafi ke jawowa, tana iya zuwa da sabo, haka ma waya idan aka kashe data aka kunna. Wasu abubuwan da na daɗe ina gani ma sai a lokacin na gane dalilinsu. Imel yakan aiko da gargaɗi cewa an shiga asusuna daga Legas ko Abuja alhali ina zaune a Arkilla, saboda ana ƙiyasta wuri ne daga inda kamfani ya yi rajistar adireshin ko inda babbar mafitarsa take. Wasu shafuka kuma sukan tsare mutum da gwajin tabbatar da cewa shi ɗan Adam ne, ko su toshe shi gaba ɗaya, saboda wani da suke tarayya a adireshi ya yi ɓarna da shi. Akwai masu ɗaukar wannan yawan sauyi a matsayin ɓuya, amma ba haka ba ne: kamfani yana iya sanin layin da ya riƙe wane adireshi a wane lokaci, kuma tun umarnin hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, na Disamba 2020 ake haɗa kowane layi da lambar NIN ta mai shi.

Na auna hanyoyin da suka rage. Akwai neman tsayayyen adireshi a tsarin 'yan kasuwa, wanda tsadarsa ta fi ƙarfin buƙatarmu. Akwai Starlink, intanet na tauraron ɗan adam, da ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, amma tsarinsa na gida shi ma CGNAT yake yi a IPv4, don haka ba zai sauya komai ba ta wannan fuska. Akwai hanyar da masu ƙera kyamara suka tanada, inda ake ɗaukar hoton wata alama a jikin na'ura da waya, haɗin ya riƙa bi ta kwamfutocin kamfanin a ƙasar waje. Ita ce mafi sauƙi kuma ita mafi yawan mutane ke bi, amma bayan abin da na gani a rajistar nan ban so in miƙa mabuɗin kyamarar gidanmu ga wanda ban san yadda yake tsare shi ba.

Abin da na zaɓa shi ne VPN mai haɗa na'urorin mutum da junansu. Hikimarsa ita ce tunda ba a iya shigowa daga waje, sai na'urar cikin gida ta fara fita ta riƙe hanya a buɗe, ita ma wayar ta fita, su haɗu ta rufaffiyar hanya da ba mai iya karanta abin da ke bi ta cikinta. Ana iya gina wannan da wata manhaja mai suna WireGuard a kan kwamfutar haya mai tsayayyen adireshi, amma hayar da dala ake biya, don haka na yi amfani da Tailscale, wanda a kan WireGuard ɗin aka gina shi kuma yana da tsarin kyauta ga mai amfanin kansa. Na'urar naɗar hoto ba ta ɗaukar manhajar, saboda haka na ɗauko wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, na sa mata manhajar, na ba ta izinin zama mashiga zuwa sauran na'urorin gidan, na kuma saita ta kada ta yi barci idan aka rufe murfinta. A wayar Yaya na sa manhajar, na goge sunan DDNS, na sa adireshin cikin gida mai farawa da 192.168, wanda tun farko na ɗaure shi. Sannan na rufe ƙofar da aka buɗe a rauta, tunda babu sauran buƙatarta. Na kuma saita masa kallo a ƙaramin inganci, domin hoton yana cin data a ɓangare biyu, ta gida wajen turawa da ta wayarsa wajen karɓa.

Maganin ƙarancin adireshi na dindindin ya daɗe da samuwa, wato IPv6, wanda aka fara fitar da ƙa'idarsa a 1995 aka sabunta ta a 1998, manyan kamfanonin duniya kuma suka kunna shi gaba ɗaya ranar 6 ga Yuni, 2012. Adadinsa ya kai yadda kowace na'ura za ta sami nata ba tare da tarayya da kowa ba, ko da yake a can ma wayoyi da kwamfutoci sukan riƙa sauya rabin ƙarshe na adireshinsu da gangan domin kada a bi sawunsu. Na duba rautarmu na ga tana da gurbinsa, amma layin bai ba ta komai a wurin ba, kuma ina ganin lokaci ya yi da masu sayen intanet a nan za su riƙa tambayar kamfanoni wannan kamar yadda suke tambayar farashin data.

Matsalar da ta rage mana yanzu ta wuta ce. Kwamfutar tana da batirinta, amma rauta da na'urar naɗar hoto suna mutuwa da zarar an ɗauke, don haka mun yi magana da mai haɗa sola ya ja mana layi guda daga inbatar gida zuwa sito kafin kayan noman rani su iso.